Kasa-kasan Iya Zulmira

Ranar ƙarshe ta sallamar marigayiya Iya Zulmira ban soya ƙosai ba. Na kife tukunyar manja, na sa fararen kaya, na hau tudu zuwa gidan ibadarmu da ke bayan birnin Salvador, ƙanwata Cremilda na biye da ni tana haki. Iya ce ta riƙe gidan tun kafin a haife mu, ita ta aske kanmu ta miƙa mu ga iskokin kakanni.

Cremilda malamar makaranta ce, kuma tana rubuta littafi. Kullum ƙorafinta ke nan, wai a littattafan Fotugis da take koyarwa, baƙar mace ko dai tana girki ko tana rawa. Sai ta sayi rikoda mai kaset ta zauna gaban Iya, tsohuwa ta yi ta ba ta labarin kakarta, wadda aka ƙetaro da ita teku a jirgin bayi tana yarinya. Sharaɗi ɗaya Iya ta kafa, muryarta ba ta kwana a waje. Don haka kasa-kasan da aka naɗa suka zauna a ɗakin Iya cikin kwalin takalmi. Na sha gaya wa Cremilda ta zauna ta kwafe su, ita kuwa kullum sai an yi hutu. Iya ba ta jira hutun ba.

Da la'asar aka fito da kayan Iya tsakar gida. Baba Anacleto, dattijon da ke zuba wuri don duba, ya zauna a kan tabarma. Kowane abu sai ya tambayi mamaciya: ya zauna ko ya bi ta? Abin wuyanta ya zauna. Randarta ta tafi, aka fasa ta da dutse nan take aka zuba a kwandon da za a kai teku. Sai ga kwalin takalmi a hannun wata dattijuwa.

"Baba, wannan nawa ne," in ji Cremilda. "Da kuɗina na saya."

"Muryar wa ke ciki, 'yata?"

Ya zuba wuri, ya duba, ya ɗago kai.

"Ta ce za ta tafi da abinta."

Cremilda ta zube a gabansa. "Baba, don girman Iya a sake tambaya. Sunan kakarta na ciki, sunanta na can gida, kafin fadan coci ya zuba mata ruwa ya ce mata Maria. Ba wanda ya rage da ya san shi."

"Ba ciniki muke ba, balle a sake tayi."

"To a kunna sau ɗaya kawai, mu ji gaba ɗayanmu."

"Kwana da kwanaki muna lallashin baiwar Allah nan ta kama hanya," in ji shi a hankali, "ke kuma ki kira ta ta dawo ta yi mana hira?"

Na ji haushinsa ƙwarai, don na san gaskiya ya faɗa. Na sunkuya kamar zan gyara ɗankwalina na raɗa mata, "Ke sakarya, zanina yana da faɗi. Miƙo ɗaya, wa zai ƙirga?"

"Yaya Nilza, ke da ko gishiri ba kya iya sata?"

"Yau zan koya."

Ta kalli kwalin, ta kalli ƙofar ɗakin Iya da ke rufe. Da ta ce to, da na ɗauka, ko da zan kwanta ciwo shekara. Amma ta girgiza kai.

"In na sace ta, ni ma na riƙe mutum inda ba ya so ke nan. Da wane ido zan rubuta labarin jirgin?"

Ita da kanta ta karɓi dutsen daga hannun Baba. Ta farfasa kasa-kasan ɗaya bayan ɗaya, zaren ya warwatse a ƙasa kamar hanjin kaza, ta tattara ta zuba a kwando. Maza suka ɗauka suka fita ba waiwaye, mu kuma muka juya musu baya kamar yadda aka saba.

Washegari na koma bakin tukunyata, idona a kumbure, masu saye suna cewa hayaƙi ne. Cremilda ta zo ta zauna a kan benci, na ba ta ƙosai da jatan lande, ta riƙe ba ta ci ba.

"Ai kin ji sunan da kunnenki," na ce. "Faɗa mini, mu zama mu biyu."

"Sau ɗaya ta faɗa, tana tari. Na ce ai yana cikin kaset."

"To faɗi abin da kika ji."

Ta buɗe baki ta faɗi wani suna. Ta ce a'a, ba haka ba ne, ta faɗi wani mai kama da shi. Ta sake gwadawa, ta tsaya a tsakiya. Ƙosai ya ƙone a cikin mai, ni kuwa na tsura wa bakinta ido ina jira.

"Yaya," ta ce, "a littafin ma Maria zan rubuta."