Layin Sa Hannu

Malcolm Thwaite ya ƙirga kawunan da ke gabansa: mutum goma sha bakwai, kowa rungume da littafin Adrian Pell, suna jiran ya sa musu hannu. Shi ma ya sayi nasa, ba don yana so ba. A tsakiyarsa ya saƙale takardar neman aikin 'yarsa Imogen, wadda shekara biyu ke nan da gama karatun fim, amma har yau soyayyen kifi take sayarwa a bakin tashar Bradford.

Tare suka fara daraktanci da Adrian, a ɗaki guda, da kyamarar aro. Yanzu ga hoton Adrian a jikin kowace bas. Malcolm kuwa fim biyu ya yi, sai ya koma talabijin.

Da ya faɗa wa mai gadi ko shi wane ne, wataƙila da an shigar da shi ta baya. Amma bai taɓa tsallake layi ba, kuma yana tsoron mai gadin ya ce, "Wa?"

Matar da ke gabansa ta waiwayo. "Malam, kamar na san fuskarka. Ba kai ka gyara mana famfo ba?"

"Darakta ne ni. Wasan asibitin nan na ranar Talata, kashi ɗari biyu da shida na yi."

"Kai! Ba ya wuce ni! Ashe wannan ma yana da darakta?"

Ya yi mata murmushin dole.

Da layi ya zo kansa, Adrian ya ɗago, ya yar da biro, ya zagayo teburin.

"Malcolm! Tsohon banza! Kai ne a layi? Ina gashin kanka ya tafi?"

"Inda kunyarka ta tafi."

Adrian ya ƙyalƙyale da dariya, ya juya wajen jama'a. "Wannan ne ya koya mini inda ake ajiye kyamara!"

Aka tafa kaɗan. Ba wanda ya tambayi sunansa. Malcolm ya lura har furfurar Adrian ta fi tasa kyau.

Ya sa yatsa cikin littafin, ya taɓa takardar. "Dama maganar Imogen ce…"

"Yarinyar nan wuta ce! Litinin za ta fara da mu. Ba ta faɗa maka ba? Da kanta ta rubuto, da sunan gidan uwarta. Sai da na gan ta na gane hancin nan naka ne. Wai ba ta son a ce sunanka ne ya buɗe mata ƙofa."

Malcolm ya san sunansa ko ƙofar kicin ba ya buɗewa. Bai san ko ita ma ta sani ba.

Bayan ya fito, yana tsaye a rumfar jiran bas, ana yayyafi, wayarsa ta yi ƙara. Imogen ce.

"Baba, kana zaune? Ina da labari! Ba za ka taɓa cankar wanda ya ɗauke ni aiki ba. Mutumin nan, Baba, babu kamarsa a ƙasar nan!"

Bas ta zo, ta tsaya, ta wuce. Malcolm ya share ruwa daga fuskarsa, ya gyara murya.

"Faɗa mini, 'yar Baba," ya ce. "Wane ne?"