Jan Zare a Kumatun Saima

"To, da likitar ta tambaye ki, sai kika ce me?" in ji Hilkka.

"Ba da baki ta tambaya ba, Yaya, a takarda ne. An rubuta: ko kina yawan shiga wuri mai tsananin zafi? Ni kuma na ja layi a kan a'a."

"Daidai. Ke da ba gidan burodi kike aiki ba."

"Ni ma abin da na gani ke nan."

Saima ta tsoma gutsuren burodi a gahawa, ta manta da shi har ya narke. Safiyar Asabar ce a watan Yuni, saura sati biyu cif a ɗaura mata aure a ƙaramar cocin da ke kan tudu. Shekarunta hamsin da tara. Yayarta Hilkka ta ba ta shekara goma sha biyu, kuma tun da mahaifiyarsu ta rasu ita ke riƙe da duk wata al'adar gidan Rautio, wadda kakanninsu suka ɗauko daga Finland suka sauke a nan arewacin Michigan, a bakin babban tafki.

Duk matan gidan haka fuskarsu take: farar fata mai laushi, sai ƙananan jijiyoyi jajaye sun bazu a kumatu da gefen hanci kamar an warware jan zare. Amma na Saima sun fi na kowa. Shekara talatin ta yi tana sayar da kifi mai hayaƙi a bakin ruwa, iska na dukan ta rani da damina. Sau ɗaya wata baƙuwa ta zo sayen kifi, ta dube ta da tausayi, ta ce mata ana iya daina giya idan an sa niyya. Saima, wadda ko ɗanɗanawa ba ta taɓa yi ba, ta ce ta gode, ta naɗe mata kifinta, sannan ta zagaya bayan shago ta yi kuka. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Amma da Arvo Lahti ya nemi aurenta, sai ta ji tana so, ko sau ɗaya a duniya, ta ga fuskarta ba tare da zaren nan ba.

Wannan burin ne ya kai ta birnin Marquette jiya, wurin likitar fata.

Likitar matashiya ce mai fara'a. Ta kunna fitila, ta sa gilashi mai ƙara girma, ta daɗe tana bin kumatun Saima da kallo. Ta ce abin ba cuta ba ne mai haɗari. Hanyoyin jini ne ƙanana da ke ƙarƙashin fata. Zafi ya buɗe su, sanyi ya matse su, a hankali sai su gaji, su ƙi komawa yadda suke. Akwai gado a ciki, akwai rana, akwai iska. Sai ta sake duba sunan da ke kan takarda, ta ɗago.

"Rautio. Sunan mutanen Finland ne. Akwai sauna a gidanku, ɗakin nan na wankan tururi?"

"Akwai mana. In ba haka ba a ina za mu yi wanka?"

"Sau nawa kike shiga?"

"Laraba da Asabar. Sai in an yi baƙi."

"A wane benci kike zama?"

Saima ta ɗan gyara zama. "Na sama, inda tururi ya fi taruwa. Tun ina 'yar shekara tara ban sauko ba. In tururi ya ishe ni, sai in ruga in faɗa tafki, in dawo."

Likitar ta cire gilashin, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. "Amma nan kin ce ba kya shiga wuri mai zafi."

"Ai wannan ba zafi ba ne, likita. Wanka ne."

Da dariya ta lafa, likitar ta yi mata bayanin maganin. Hasken leza ne ake bin kowace jijiya da shi, ya rufe ta, jiki ya shanye ta da kansa. Zafinsa kamar a ɗalle mutum da roba. Fuska za ta kumbura ta yi ja na wasu kwanaki, amma in an yi ranar Litinin, kafin ranar biki ta kwanta. Gurbin Litinin ɗin kawai ya rage, in ya wuce sai Agusta. Ta kuma gaya mata gaskiya cewa wasu za su iya dawowa nan gaba in ba ta rage zama a bencin sama ba. Sannan ta faɗi sharaɗin: bayan an yi, sati biyu ba rana, ba barkono, ba sauna, ko leƙawa.

Nan ne Hilkka ta ajiye kofinta.

"Sati biyu daga Litinin," ta ce a hankali, tana ƙirgawa da yatsu a kan tebur. "Ya wuce ranar aure."

"Ya wuce."

"Wankan amarya fa?"

Saima ta kalli waje. Ta taga tana hango ɗakin saunar da mahaifinsu ya gina da guma-guman itace a bakin ruwa. Wata guda Hilkka ta yi tana gyaransa: ta sa an sake duwatsun murhu, ta goge benci da yashi, jiya kuma ta shiga daji da ciwon gwiwarta ta yanko ɗanyun rassa masu ganye, ta ɗaure dami goma sha ɗaya, ɗaya ga kowace mace ta dangi. A gidansu ba a kai mace coci sai an yi mata wankan nan. Mata su kewaye ta, su bubbuge ta da ganyen, su tsefe mata gashi, su yi waƙa, su faɗi abubuwan da ba a faɗa a gaban maza. Auren Saima na fari a gurguje aka yi shi a birni, ba a yi mata ba, kuma har mahaifiyarsu ta mutu tana maganar. Yau Saima tana son wankan nan kamar yadda take son fuskar. Zuciyarta ta rabu biyu, kowane ɓangare kuma yana da gaskiya.

"Wace irin amarya ce ba wanka?" in ji Hilkka. "Ki tafi da fuskarki haka. Da ita Mama ta yi aure, da ita na yi, ba wanda ya gudu."

"Mijinki ba ya gani sosai, Yaya."

"Shi ya sa muka zauna lafiya shekara arba'in."

Suna cikin dariya aka ji tsayuwar mota a waje, sannan takun takalma masu nauyi, sannan ƙwanƙwasa biyu, ko da yake ƙofa a buɗe take.

"Ga angonki," in ji Hilkka. "Shigo, Arvo, kafin ka fasa mana ƙofa da surutu."

Arvo ya shigo da hula a hannu. Dogo ne mai furfura, tsohon direban motar share dusar ƙanƙara. Bayan rasuwar mijin Saima, hunturu shida ya yi yana share mata ƙofar gida kafin ta tashi, bai taɓa cewa komai ba sai, "Za a ƙara gobe." A na bakwai ya kashe injin, ya sauko, ya tambaya ko akwai gahawa. Tun ranar bai taɓa fashi ba. Kullum ƙarfe tara zai zauna a kujerar da ke kusa da taga, ya sha kofi biyu, ya yi shiru, Saima kuma ta ji kamar an kunna mata murhu a ƙirji.

Hilkka ta zayyana masa komai, da ƙari. Ya saurara har ƙarshe, ya juyo ya dubi Saima. Kallon ya daɗe har ta ji kumatunta sun ɗau zafi.

"Ni na ɗauka haka fuskar mai lafiya take," ya ce.

"Kin ji ko?" in ji Hilkka.

"Amma ba ni ke kallon ta a madubi ba," ya ƙara. "Mai ita ta sani."

Idanun Saima suka ciko. Wannan mutumin, da bai fi kalma talatin yake kashewa a yini ba, ya ba ta ashirin da ɗaya lokaci ɗaya. Ta sunkuyar da kai tana murmushi, sai idonta ya faɗa kan damin ganyen da ke jiƙe a bokiti bakin ƙofa, kore shar, ƙamshinsu ya cika ɗakin.

"Yaya," ta ce, "wa ya ce dole sai jajiberin aure ake wankan?"

"Haka ake yi."

"Mama cewa ta yi kafin aure. Yau ma kafin aure ne. Likita ba ta hana ni komai ba sai daga Litinin. Yau Asabar, ko ba komai za a hura wuta. Matan nan duk suna nan kusa, in ban da 'yar'uwarmu Lempi, ita ma awa biyu ce a mota."

Hilkka ta jingina da kujera. Ta kalli rufin ɗaki kamar mai neman shawara daga sama. Sai wani murmushin mugunta ya fara bayyana a gefen bakinta.

"Za a iya," ta ce. "Amma kin manta ɗaya rabin. A gidan nan, in an wanke amarya, ango ba ya sake ganin ta sai a coci. Mu kwana ɗaya muka yi. Ke sati biyu za ki yi."

Kofin Arvo ya tsaya a iska.

"Haba Yaya," in ji Saima. "Shekarata kusan sittin."

"Ko ɗari ce. Na matsa miki da rana, ba zan matsa miki da wannan ba. Ku yi waya. Mama ba ta hana waya ba."

"Arvo a waya? Me zai ce? Shirun nasa nake zaman ji, a waya kuwa sai in ɗauka layi ya katse."

"Sai ya riƙa yin tari lokaci-lokaci."

Saima ta dubi kujerar da ke kusa da taga, ta hango ta babu kowa safiya goma sha huɗu. A shekarunsu, sati biyu ba abin zubarwa ba ne, kuma ta san shi ma haka yake gani, don ya ajiye kofin yana juya shi a kan faranti kamar zai sami wata dabara a ƙarƙashinsa.

"Itace na shigar miki," ya ce can. "Wa zai riƙa shigarwa?"

"Shekara talatin ina shigar da abina."

"Famfon bayan gida na ɗiga."

"Ka zo ka gyara," in ji Hilkka. "Zan kulle ta a ɗaki."

"Ranar Litinin fa? Wa zai kai ta?"

"Ni. Kuma ka gode mini. Kwana uku za ta yi da fuska kamar tumatir, in ka gan ta sai ka nemi a mayar maka da zobenka."

"Ba zan nema ba," in ji Arvo, da gaske, ba alamar wasa.

Dariya ta ƙwace wa Saima, hawaye na bin ta. Ta miƙa hannu ta ɗora a kan nasa, babban hannu mai kaushi da ɗumi. Ta yi tunanin ƙofar coci tana buɗewa, shi yana tsaye can gaba cikin kwat ɗin da ta matse masa kafaɗa, ya yi sati biyu bai gan ta ba, ya juyo. Ba ta taɓa samun wanda ya yi kewar ta haka ba. Ta ji ashe tana so.

"Za ka iya?" ta tambaye shi a hankali.

Ya daɗe yana tunani. "In zan wuce, zan danna odar mota sau biyu. Ƙarfe tara."

"Oda ba gani ba ce," in ji Hilkka. "Na yarda."

Saima ta miƙe, ta cika masa kofi na uku, abin da bai taɓa sha ba a gidan. Ta share fuskarta da bayan hannu.

"Sha a hankali, Arvo, ka kalle ni da kyau, don daga nan sai coci," ta ce. "Yaya, kira Lempi ta taso yanzu. Yau za a yi wankan amarya, Litinin kuma ki kai ni wurin likita."