Jiya Me Ka Yi, Tanimu?

Ja'afar na shanya kaya a saman bene bayan la'asar, sai ya ji muryar Tanimu tana tashi daga bayan tankin ruwa. Karin da ɗalibai ke haddar baitocin nahawu da shi ne, a ja a sauke, amma kalmomin ba na Larabci ba ne.

"Go, went, gone. Eat, ate, eaten. Take, took, taken."

Ja'afar ya murɗe rigar da ke hannunsa kamar ita ta yi masa laifi. Wannan ita ce cutar da ya fi tsana a wurin 'yan uwansa ɗalibai: a ba mutum mabuɗi, maimakon ya buɗe ƙofa sai ya zauna yana rera masa waƙa. A Zariya ya baro ta, da ya zo Alƙahira karatun harsuna da fassara ya tarar ta riga shi sauka.

"Ɗan Malabo," ya kira shi. "Jiya me ka yi? Da Turanci."

Waƙar ta tsaya. Tanimu ya leƙo da takarda a hannu, ya buɗe baki, ya dubi tantabarun da ke kewaya rufin gidajen unguwar Ard al-Liwa.

"Yesterday... I go..."

"Ka ji ko? Fi'ilai cike da kai, ko ɗaya ya ƙi saukowa baki."

Tanimu Bahaushe ne, amma a Malabo aka haife shi, can Gini Ikwatoriya, inda kakansa ya je fatauci ya zauna. Hausa a gida, Sifaniyanci a makarantar boko, Larabci a nan. Turanci kuwa ko na sayen burodi ba shi da shi. Bara wata jarrabawa ta wuce shi, aka maimaita masa aji, ƙungiyar da ke ɗaukar nauyinsa ta janye hannunta. Shekara guda ta rage masa ya gama Shari'a. In bai sami abin yi ba kafin a koma karatu, sai dai ya tattara ya koma gida da rabin digiri, wanda ko'ina a duniya sunansa babu.

Ƙofa ɗaya ce ta buɗe masa. Wani kamfani a unguwar Ma'adi yana amsa wayar abokan ciniki daga Sifaniya, kuma masu jin harshen yake nema ido rufe. Shugabar sashen, Madam Duaa, ta saurare shi ta ce Sifaniyancinsa tamam. Sai dai bayan kowace waya dole ma'aikaci ya ba da bayani da Turanci: wane ya kira, ya ce kaza, na yi masa kaza. Ta ce ya je ya koyi ba da labarin abin da ya riga ya faru, ya dawo ƙarshen wata. Ta kuma nuna masa cewa daga wannan damar babu wata.

Ja'afar ya karɓe takardar ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Daga yau an rufe makarantar waƙa. Yalla, maza sauko mu je sayen wake."

Haka karatun ya koma kan titi. Suna kauce wa tuk-tuk, keken hayan nan mai ƙafa uku, a lungu, Ja'afar zai nuna mai tallan burodi ya ce, "Ɗazu me ya yi?" Tanimu ya yi gumi ya ce, "He sold." A wurin mai ful, wato dafaffen waken da unguwar ke karyawa da shi, sai ya faɗi abin da ya saya da abin da ya ci kafin a bar shi ya sa loma. Harshensa na Sifaniya kuwa bai bar shi haka nan ba. Duk kalmar da ta fara da s sai ya ɗora mata e a gaba, school ta zama eschool. In zai ce bai je ba, sai ya ce, "I no went."

"Did not go," in ji Ja'afar. "In did ya shigo, shi ke ɗaukar kayan jiya gaba ɗaya. Fi'ilin sai ya koma yadda uwarsa ta haife shi."

"Malam, harshen nan ba shi da asali," Tanimu ya ce wata rana suna hawa bene. "Namu na Sifaniya yana da wuya, na yarda, kowane mutum da irin nasa ƙarshen kalma. Amma in ka ga ɗa ka san ubansa. Wannan fa? Go ya haifi went. Ko a kotu ba za a ba shi gado ba."

Nata'ala, babban ɗalibin gidan, wanda ya daɗe a Alƙahira har mai gadi ke gaishe shi kamar shi ya gina benen, yana kishingiɗe a falo da kofin shayi a kan ciki.

"Sinyor, har yanzu ana fama?" ya ce wa Tanimu, da laƙabin Sifaniyancin da yake tsokanarsa da shi. "Ku bar wahalar da kanku. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama."

"Shehi, kwaɗon ma tsalle yake yi kafin ya ci," Ja'afar ya ce bai ko dube shi ba.

"Oho dai. Yaran yanzu kowa da inji a ƙirji."

Sannu a hankali bakin Tanimu ya saki. Ya kan tashi da safe ya tare Ja'afar a ƙofar banɗaki ya zayyana masa jiya tun daga asuba: ya farka, ya yi salla, ya tafi, ya ga, ya dawo. Ja'afar bai cika yabo ba, amma ya fara jin abin nan da manomi ke ji in ya ga tsiro.

Juma'ar ƙarshe kafin ranar komawa wurin Madam Duaa, bayan an sauko daga masallaci, Ja'afar ya jawo kujera tsakiyar falo ya gyara zaman hularsa. Nata'ala ya fita cin abinci wurin 'yan Nijar, gidan shiru. Ja'afar ya riga ya bincika wurin masu irin wannan aikin, ya san tambayar da ba ta taɓa faɗuwa.

"Ni ne Madam Duaa," ya ce. Sannan ya yi tambayar da Turanci, a hankali: ba ni labarin wani lokaci da ka gamu da mutum cikin fushi ko tashin hankali, ka shawo kan lamarin.

Tanimu ya sunkuyar da kai. "Nothing. Alhamdu lillahi."

"Nothing kamar yaya? Tashar Dokki fa?"

Ja'afar kaɗai ya san wannan labarin, domin shi ya kai masa abinci asibiti a ranar. Safiyar jarrabawar da ta wuce shi, Tanimu yana tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Dokki sai wata tsohuwa 'yar yawon buɗe ido daga Peru ta yanke jiki ta faɗi. Mijinta yana ta kururuwa da harshen da babu mai ji sai shi. Ya bi su asibiti, ya tsaya tsakanin tsohon da likita yana juya magana, irin maganin da take sha da abin da jikinta ba ya so, har ta farfaɗo. Kafin nan an daɗe da tattara takardu. Ko ƙungiyar da ta yanke masa tallafi bai faɗa wa dalili ba.

"Wannan ba na faɗa ba ne," Tanimu ya ce.

"Shi ne dai na faɗa. Duk fi'ilan da ka koya suna ciki. She fell, I ran, I spoke. Kamar don tambayar aka yi shi. Matar nan tana ji za ta miƙo maka aikin."

"Shi ya sa ba zan faɗa ba."

"Ban gane ba."

"Malam, shekara guda ta tafi a kan abin nan. Tallafi ya tafi. Ladan kaɗai ya rage mini, shi ma in Allah ya karɓa. In na kai shi Ma'adi na canza shi da albashi, da me na tsira?"

Ja'afar ya ture kujerar baya. Ya miƙe tsaye.

"Wa ya ce maka faɗin gaskiya riya ce? Kai ne ɗalibin Shari'a, ba ni ba. A ƙasar nan Annabi Yusuf ya tsaya gaban sarki ya ce a ba shi rumbunan ƙasa, shi mai tsaro ne, masani. Kunya ta hana shi?"

"Ya faɗi abin da ya iya. Bai ƙirga wa sarki alherin da ya yi wa 'yan kurkuku ba."

"Wannan ita ce matsalarmu. Mu iya abu mu ɓoye, wanda bai iya ba ya zo da baki ya ɗauke, mu koma gefe muna cewa haka Allah ya so. Ka ɓoye wa ƙungiya, ka rasa shekara. Yanzu za ka ɓoye wa wannan, ka rasa digirin ɗungurungum. Mahaifiyarka a Malabo lada za ka nuna mata a filin jirgi?"

Ya fizge hularsa ya buga da ƙasa. Ta gangara ta tsaya a gindin firji.

Tanimu ya bi ta da kallo. Ya tashi ya ɗauko hular, ya kaɗe ta da gefen hannu, ya ajiye a kan tebur. Ya shiga kicin. Ja'afar ya ci gaba da magana shi kaɗai, yana bin sa da murya ta ƙofa, ya taɓo ɗalibai, ya taɓo ƙungiyoyi, ya taɓo Nata'ala da kofinsa. Can Tanimu ya fito da shayi mai na'ana'a, ya ajiye masa, ya zauna a ƙasa ya harɗe ƙafa yana saurare, bai katse shi ko sau ɗaya ba. Wuta in ba a ƙara mata itace ba, takan gaji. Ja'afar ya zauna. Ya ɗauki kofin.

"Ma'alish, yi haƙuri, Malam," Tanimu ya ce. "Na san don ni kake yi."

"To me za ka ce mata?"

"Allah zai kawo."

Duk cikin maganganun duniya babu wadda Ja'afar ya ƙi ji kamar wannan, amma ƙarfinsa ya ƙare. Ya shanye shayin.

Ranar da aka sa, ya raka shi. Suka canza jirgi a tashar Sadat, suka sauka a Ma'adi, inda itatuwa suka rufe titi kuma ba ka jin hon sai jefi-jefi. A hanya Ja'afar bai ƙara tada maganar ba. Ya zauna a ɗakin jira na kamfanin yana kallon wata shuka a tukunya, yana shirya yadda za a nemi wa Tanimu tikiti mai sauƙi, yana kuma jin haushin kansa da ya fara wannan lissafin tun ba a fito ba.

Ƙofa ta buɗe. Tanimu ya fito, bayansa wata mata mai tabarau rataye a wuya. Ta dubi Ja'afar, sannan ta ɗaga ido ta dubi kansa.

"Ustaz Ja'afar?" ta ce da Larabcin Masar. "Wannan ce hular?"

Ja'afar ya kai hannu ya taɓa ta, bai san me ya sa ba.

"Allah ya ba ta haƙuri," ta ce tana danne dariya. "Ɗalibinka zai fara ranar Lahadi."

Sai da suka fito ƙarƙashin itatuwa Ja'afar ya tsaya ya tare shi.

"Me ka gaya wa matar nan?"

"Tambayar da ka ce ita ta yi. Mutum cikin fushi." Tanimu ya gyara murya, ya ɗora hannu a ƙirji kamar mai karanta huɗuba. "Last Friday my teacher got angry. He estood up. He threw his cap. I said nothing. I took the cap, I made tea, I sat down and I heard him. He drank. He forgave me."

"Ni ka kai?"

"Ka ce in faɗi abin da ya faru da gaske. Kuma wannan babu ladan da nake tsoron ya zube, shayi ne kawai. Ta ce aikin ke nan gaba ɗaya, mutum ya kira yana tafasa, ka bar shi ya huce. Ta ce wanda ya iya da kai zai iya da mutanen Madrid."

Ja'afar ya nemi fushin da ya dace ya rasa inda ya ajiye shi. Har yanzu yana ganin labarin asibitin ya fi, kuma har yanzu yana ganin ɓoye-ɓoyen nan na cutar da mutanensu. Zai sake faɗa masa, ba yau ba. Suka kama hanyar tasha.

"Ta tambaye ni ko kana da gaskiya a faɗan," Tanimu ya ce.

"Ka ce me?"

"Na ce rabi."

"Wane rabin?"

"Ba ta tambaya ba."

Suka ci gaba da tafiya. Wani mai shara yana tara busassun ganye a bakin titi, suka kewaye shi.

"Kuma wa ya ce maka na yafe?" in ji Ja'afar. "He forgave me. A ina na faɗa?"

"Ai ka shanye shayin, Malam."