Lasifikar Kafinta da Kunnen Tsohuwa

Duk wanda ya taɓa shiga falon Kafinta ya san lasifikokin nan biyu. Ba yadda za a yi ka shiga ba ka gan su ba, don kowace ta kai ƙugun babban mutum, ɗaya a dama da taga ɗaya a hagu. Akwatunan shi ya ƙera su da hannunsa, tun yana iya wuni da guduma bai ce wash ba. Bakunan da ke ciki masu fitar da sautin kuwa, babba a ƙasa ƙarami a sama, daga wani gidan sinima ya samo su lokacin da ake rushe shi. Yara sun girma a gidan sun watse, amma ba wanda ya taɓa ɗora ko kofin shayi a kansu. Matarsa kaɗai ke da izinin taɓawa, wadda yake kira Tsohuwa tun ba ta da furfura ko ɗaya, ita ma ɗan ƙyalle take shimfiɗa musu saboda ƙura.

Abin da ke tura musu sauti wata 'yar amfilifaya ce da ba ta fi kwalin takalmi ba. Da gangan ya zaɓi ƙarama. A ganinsa babba za ta fi ƙarfin bakunan ta fasa su, kuma irinsu an daina yi. Shekara da shekaru hakan bai dame shi ba, don ba mai son hayaniya ba ne. Da la'asar sakaliya sai ya sa faifai, ya ɗan murɗa maɓallin murya kaɗan, Tsohuwa ta zauna da ɗinkinta. Akwai wata waƙa da ta fi so. Muryar mace ce ke farawa ita kaɗai, sarewa ta bi bayanta, can sai ganguna su faɗo gaba ɗaya.

To, sai kunnen Tsohuwa ya fara ja da baya. Na dama ya tafi, likita ya ce na hagun ma a hankali yake bin ɗan'uwansa. Da suka dawo gida daga asibiti Kafinta ya ƙudurta a ransa cewa muddin akwai sauran ji a kunnen nan, waƙarta ba za ta wuce ta ba. Sai ya yi abin da kowa zai yi, ya dinga ƙara murya. Yau ya murɗa zuwa rabi, gobe ya wuce, har maɓallin ya kai bango.

Ina! Abin bai yi daɗi ba. Muryar mawaƙiyar ta koma tana tsattsagewa, in ganguna suka shigo kuwa sai ka ce ana jan kwano a kan siminti.

“Kashe, Kafinta, kashe,” in ji Tsohuwa, tana toshe kunnen da ya rage. “Ƙara nake ji, ba waƙa ba.”

“Ai don ki ji na ƙara!” ya ce da ƙarfi.

“Kai ma ka daina yi min ihu. In ka yi ihu ba abin da nake tsinta.”

Daga nan ta daina zaman falo. In ya sa faifai sai ta kwashi ɗinkinta ta koma baranda. Wannan ya ci masa rai ƙwarai, don kujerarta babu kowa ta fi komai yi masa zafi. Ran nan, shi kaɗai, ya sake murɗawa har ƙarshe ko za ta jiyo daga waje. Gangunan na faɗowa ya ji wani ɗan ƙauri, irin na waya in ta ƙone. Ƙaramin bakin lasifikar hagu ya yi tsit.

Washegari ya kwance bakin, ya naɗe shi a tawul kamar jariri, ya rungumi amfilifayar, ya nufi shagon ƙanin matarsa. Gajere ake ce masa, mai gyaran rediyo ne, kuma tun ranar da Kafinta ya auri yayarsa ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Shagon ɗan ƙuƙut ne, warin dalma ya cika shi, ga gawarwakin rediyo jere har rufi.

“A'a, mijin Yaya da kansa! Me ka kashe yau?”

“Rufe min baki ka duba. Kuma ka nemo min amfilifayar da ta fi wannan ƙanƙanta. Ka ga ko wannan ɗin ma ta yi musu ƙarfi.”

Gajere ya shinshina bakin, ya taɓa shi da wayoyin mitarsa ta gwajin wuta, sannan ya juya amfilifayar ya karanta abin da ke rubuce a bayanta. Sai ya tuntsire da dariya.

“Ƙarfi? Wannan abar? Wallahi rashin ƙarfinta ne ya ƙona maka baki. Lasifikokin nan naka mayunwata ne, don ɗakin taro aka yi su. Wuta suke ja ba kaɗan ba, musamman in ganga ta buga. Ita kuma 'yar wannan ba ta da abin ba su. Ka matsa mata, ta ƙure, sai ta dinga aika musu sauti a kakkarye. Kakkaryayyen sautin nan shi ke dafa ƙaramin baki.”

“Kai, tafi can. Yaushe ƙarami ya taɓa fasa babba?”

“To, tsaya. In zartonka ya dakushe, ya kake yi?”

“Sai in danna da ƙarfi.”

“Katakon fa?”

Kafinta ya san amsar sarai. Dakusasshen zarto shi ke yayyaga bakin katako, mai kaifi kuwa ɗora shi kawai kake yi ya wuce sumul. Ya sosa ƙeya ya ce, “Ashe kana da ɗan hankali.”

“Gadonsa muka yi, ni da Yaya. Kai ne dai ka shigo dangi.”

Gajere ya ce zai sake naɗa siririyar wayar da ta ƙone a cikin bakin, amma ya gaya masa gaskiya: takardar jikin bakin ta tsufa, sau ɗaya za ta jure wannan aikin. In ta sake ƙonewa, shi ke nan. Sannan ya shiga ƙarƙashin tebur ya jawo wata baƙar amfilifaya mai haƙarƙarin ƙarfe a gefe da gefe, wadda sai da suka kama ta su biyu. Ya ɗauki alli ya ja ɗan layi a jikinta, kusa da maɓallin murya, ko rabi bai kai ba.

“Nan ne iyakarka. Tana da ƙarfin da ya ninka haka, amma ba don ka ƙure shi ba ne. Don in ganga ta nema ta samu ne. Ka wuce allin nan, kada ka zo min da kuka.”

Da aikin ya kammala Gajere ya kawo kayan da kansa, ya haɗa wayoyi, ya sauya siraran da masu kauri. Kafin ya tafi ya leƙa baranda don gaida yayarsa. Kafinta na tsaye bakin ƙofa yana kallo. Gajere ya durƙusa ta gefenta na hagu, ya bari ta ga fuskarsa, ya yi magana a hankali da muryarsa ta kullum. Sai ga Tsohuwa tana amsawa, har da dariya da tambayar yara. Kafinta ya ji kunya ta kama shi, ya koma ciki ya hau goge akwatin da ba shi da ƙura.

Da la'asar ta yi ya ɗora faifan. Har yanzu wani ɓangare na zuciyarsa bai yarda da baƙar abar nan ba. Ya murɗa kaɗan, ya tsaya ƙasa da allin. Muryar mawaƙiyar ta fito tas, kamar tana zaune a tsakanin lasifikokin. Ya ɗaga allurar faifan, ya fita baranda. Da can daga falo yake ƙwala kira. Yau ya zagaya ta hagunta ya sunkuya.

“Tsohuwa, zo ki ji wani abu.”

“In irin na rannan ne, na yafe.”

“Zo dai.”

Ta taso da ɗinkin a hannu. Ya ja kujerarta ya matsar da ita kusa da lasifikar hagu, ya juya ta yadda kunnen hagun zai fuskanci bakin da aka gyara, sannan ya mayar da allura.

Matar ta fara waƙa. Tsohuwa ta ɗan karkata kai. Allurar ɗinkin ta tsaya, leɓɓanta suka fara motsi, suna bin kalmomin daidai inda suke. Da gangunan suka faɗo Kafinta ya runtse ido yana jiran ƙarar kwano. Babu. Sai wani dum mai nauyi da ya ji har a tafin ƙafarsa. Tsohuwa ta miƙa hannu ta dafa jikin akwatin, ta yi murmushin da ya daɗe bai gani ba.

“Kai, Kafinta! Ga su nan, wallahi ga su nan.”

Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Ya zauna a hannun kujerarta, abin da ya sha hana yara.

Can ta ɗago ta dube shi. “To, sarewar fa? Ba a nan take shigowa ba? Ko gyaran bai kai kanta ba?”

Sarewar kuwa tana nan. A daidai lokacin take tashi sama, siririya, tsaf da ita, ta cika falon. Kafinta na jin ta. Gyaran Gajere ba shi da laifi, kunnen ne ya riga ya bar wannan tsayin.

Hannunsa ya tafi kan maɓallin da kansa. Yatsunsa suka kama shi, ga layin allin a gabansa. Ya san in ya wuce, ƙila ta tsinci wani abu na ɗan lokaci, ƙila kuma ƙaurin nan ya dawo, ta rasa har muryar da gangunan. Ya daɗe riƙe da shi. Sannan ya saki.

“Tana nan,” ya ce kusa da kunnenta. “Bari in kawo miki ita.”

Ya gyara murya, ya kai bakinsa dab da kunnen hagun, ya fara bin sarewar da muryar maƙoshi, ƙasa-ƙasa, inda kunnenta ke kaiwa. Bai taɓa iya waƙa ba a rayuwarsa. Yana hawa inda ake sauka, yana latti inda ake sauri.

Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye. “Subhanallahi, wannan sarewa ta sha mura.”

Ya katse waƙar, ya fara ja da baya. Sai ta kama hannun rigarsa, ɗaya hannun nata na kan akwatin.

“Wa ya ce ka tsaya? Ci gaba, ina ji.”