Makin da Bai Kai Uku da Ɗigo Shida Ba

Ni ce mai juya maki a ofishin ubangidana Maeng, a saman wani tsohon bene da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Gangnam. Ɗalibi zai kawo sakamakonsa, in mayar da makinsa kan ma'aunin da jami'ar waje take so, in buga hatimi. Wasu jami'o'inmu a kan huɗu da rabi suke auna ɗalibi, wasu a kan huɗu da ɗigo uku, su kuwa mutanen Kanada huɗu cif suka sani. Na sha ganin kuka a teburina. Jini kam sau ɗaya na gani.

Pyo Tae-gon da Bang Seok-hyun tare suke zuwa kullum. 'Yan garin Pohang ne, kuma a bariki ɗaya suka yi aikin soja, inda Tae-gon yake gaba da Seok-hyun. An sallame su tuntuni, amma a wajen Tae-gon har yanzu ba a tashi daga fareti ba. Seok-hyun ne mai riƙe lema, shi ne mai ɗaukar jaka. In ya sa baki ba a tambaye shi ba, sai ka ji tas a ƙeyarsa.

"Wasa ne, Malama Gil," Tae-gon yakan ce mini. "Kan nan nasa tsohuwar rediyo ce, sai an buga take kamawa."

Seok-hyun ya yi murmushi, ya shafa wurin.

Dukansu gurbi ɗaya suke nema a wata jami'ar Kanada, karatun ƙera jiragen ruwa, kuma sharaɗin shiga shi ne uku da ɗigo shida. Tae-gon yana da huɗu. Seok-hyun yana da uku da ɗigo tara. Saboda wannan 'yar tazara Tae-gon ya hana shi sakat, har cewa yake in sun je can zai taimaka ya nema masa aikin wanke kwano.

Ranar da na gama lissafinsu ana tsuga ruwa. Ubangidana Maeng ya fita cin abincin rana, ni kaɗai ce a ofis da kwanon taliyata. Suka shigo a jiƙe, na miƙa wa kowa takardarsa.

Tae-gon ya duba tasa, ya sake dubawa. "Malama, kin yi kuskure."

"Ban yi ba. Huɗunka a kan huɗu da rabi yake. In an mayar, uku da ɗigo hamsin da shida ke nan."

Ya fizge takardar Seok-hyun. Uku da ɗigo sittin da uku.

"Wannan sakaran ne ya fi ni?"

"Jami'arsa a kan huɗu da ɗigo uku take auna maki. Nasa ya fi naka kusa da ƙarshen ma'auni."

Ya sunkuyo kan teburin har ruwan gashinsa yana ɗiga cikin taliyata. "To, cike shi. Hamsin da shida ai shida ne in an cike. Ko yaron firamare ya san wannan."

"Lamba biyu suke so bayan ɗigo, kuma su ma za su sake lissafawa. Akwai wasu jami'o'in da makinka ya isa, zauna in nuna maka."

"Ban zo siyan ragowar kasuwa ba!"

Ya share kwanon da bayan hannu, ya tarwatse a bango. Na miƙe, sai ya damƙi wuyan hannuna ya murɗa, yana tura mini biro. Na ji wani abu ya yi ƙas a ciki, zafin ya harba har haƙorana.

"Yaya, sake ta," in ji Seok-hyun daga baya.

Tae-gon bai ko waiwaya ba. "Kai, wa ya ce ka yi magana? Kai ma janye takardarka za ka yi. In ban tafi ba, ba mai tafiya."

"Yaya, nan ba bariki ba ne."

Sai Tae-gon ya sake ni, ya juya ya ɗauke shi da mari, ya ƙara masa, tabaraun Seok-hyun ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin kujera. Ya kama kwalarsa ya buga kansa da durowar ƙarfe. Hancin Seok-hyun ya ɓalle da jini.

"Ƙame!" Tae-gon ya daka masa tsawa. "Na ce ka ƙame!"

Kuma wallahi na ga ƙafafun Seok-hyun sun haɗu da kansu, hannuwansa sun manne da cinya. Ya tsaya haka, jini yana zuba kan farar rigarsa. Tae-gon ya yi dariya, ya juyo wajena.

A gefen teburin akwai hatiminmu na ƙarfe, mai matse takarda, nauyinsa ya kai dutsen guga. Ban ga lokacin da Seok-hyun ya ɗauka ba. Ƙarar kawai na ji, kamar an fasa kankana. Tae-gon ya durƙushe yana riƙe da kunne. Seok-hyun ya hau ƙirjinsa ya ci gaba da sauke masa ƙarfen a muƙamuƙi, a baki, a hannun da yake karewa da shi. Ba ya ihu, ba ya zagi. A hankali yake magana, kamar mai karanta sunaye.

"Wannan na ranar da ka sa na lashi takalminka. Wannan na dusar ƙanƙara. Wannan na gaban uwata."

Na rungumo shi ta baya da hannuna mai lafiya, ya watsar da ni, goshina ya daki kusurwar tebur. Ina kwance ina kallon haƙorin Tae-gon a cikin miyar taliya. Sai da masu gyaran kwamfuta na ofishin da ke kusa suka shigo su uku, sannan aka ɓamɓare shi. Da aka ƙwace hatimin, ya zauna a ƙasa ya shiga laluben tabaraunsa, yana ce musu su yi haƙuri da hayaniya.

Tae-gon ya rayu. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, kunnensa na hagu kuma ya mutu. Mahaifin Seok-hyun ya taso daga Pohang, tsoho mai gyaran raga, ya durƙusa a ƙofar ɗakin asibiti yana roƙon a sasanta. Tae-gon ba ya iya magana, da ƙafa ya tura ƙofar ta rufe.

A kotu na faɗi abin da na gani duka, har da murɗe mini hannu da marin da Tae-gon ya fara. An ci Tae-gon tara. Seok-hyun aka yanke masa ɗauri. Jami'ar Kanada ta ba shi gurbin ana tsakiyar shari'a, lauyansa ne ya rubuta musu cewa ba zai zo ba.

Da za a fita da Seok-hyun daga kotu, muka haɗu a baranda. Ya ga ɗinkin goshina, ya sunkuya sosai, ankwa a hannunsa.

"Malama Gil, ki yafe mini."

Na ce, "Ka yi nadama?"

Ya ɗago kai. "Ta goshinki kawai," in ji shi. Ɗan sandan da ke tsaronsa ya taɓa kafaɗarsa, suka gangara.