Ruwan Rijiyar Kawu

Da hantsi, a ɗakin gwaje-gwaje, mai gwajin ruwa ta buɗe akwatin ɗumi da ake renon ƙwayoyin cuta a ciki, ta zaro farantin da ta shafa wa ruwan rijiyar kawunta jiya. Ƙwayoyin cuta sun tsiro ɗigo-ɗigo, kore shar, suna ƙyalli kamar bayan ƙudan bola. Ta san launin nan. Ƙwayar hanji ce, wato masai na tsiyaya cikin rijiyar. Unguwa guda ke sha daga nan, yara huɗu kuma na kwance a asibiti da gudawa. Tana rubuta sakamako za a rufe rijiyar.

Ba ta kai ga biro ba aka banko ƙofa. Kawu ne.

"Wanne ne nawa?" in ji shi.

"Kawu, ina kwana. Nan ba a shigowa haka."

"Ni kike gaya wa doka? Da ruwan nan kika girma, ga ki har da tabarau. Ya kashe ki?"

"Lokacin ba ka haƙa masai a gefen rijiyar ba."

Marin da ya ɗauke ta da shi sai da tabarau ya yi tsalle. Ya fizge farantin, ya maka da bakin tebur, gilas ya tsaga masa tafin hannu, ko a jikinsa. Ya zazzage farantan akwatin ɗumin kaf, na kowa da kowa, ya bi da takalmi yana murjewa. Ta riƙo rigarsa, ya hankaɗe ta, goshinta ya daki famfo. Jini ya rufe mata ido ɗaya.

"To, rubuta mu gani."

Mai gadi ya shigo, ya murɗe masa hannu ta baya, ya ja shi.

Ta miƙe a hankali, ta tsallake fasassun gilasai zuwa lungu. A ɗakin nan ba a gwada ruwa sau ɗaya. Kashi biyu ake yi, ɗaya a faranti, ɗaya a siririyar kwalba cikin tukunyar ruwan ɗumi. Kawu bai ko kalli tukunyar ba, ya ɗauka ta shayi ce. Ta ɗaga kwalbar. Ruwan ya koma rawaya, ga kumfar iska a ciki, shaidar ƙwayar hanjin nan ce.

Ta leƙa ƙofa. "Baba mai gadi, a wanke masa hannun nan da kyau. Abin da ke rijiyarsa ne a cikin ciwon."

Sannan ta goge ido, ta lalubo biro a ƙasa.