Filastar Kek

Ayabar da ke kan firji ta yi baƙi ƙirin, kuma laifin Mai Cokali ne. Don shi aka saye ta, shi kuwa tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa hannunsa na dama ya ɗaura yaƙi da duk abin da ake ci a gaban mutane. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa bangon jama'a filasta sumul, har cokalin gini ya zame masa suna, yau cokalin shayi ke gagararsa. Sai a kai masa abinci ɗaki, ya tura ƙofa, ya ci shi kaɗai.

Abin yana ci wa matarsa Umma rai ƙwarai. Ciwon ta karɓe shi hannu biyu, ƙofar nan ce ta kasa haƙuri da ita. Ga shi yau 'ya'yansu za su zo da la'asar, kuma tun da safe ya aiko da sanarwa daga kan gado cewa a gaya musu barci yake.

Umma ta shiga kicin. Ta ɓare ayabar, ta murƙushe ta da cokali mai yatsu, ta zuba ƙwai da bota da sukari da fulawa, ta juye a gwangwani ta tura obin. Ƙamshi ya cika gidan, ya bi ta ƙarƙashin ƙofar da aka hana kowa shiga. Da kek ya gasu, samansa ya tsage biyu kamar yadda na ayaba ya saba. Ta buga bota da garin sukari har suka zama farin kirim, sannan ta kinkimo ƙaramin tebur ta dasa shi a bakin ɗakin maigidan. Wai kicin ya yi duhu, ita kuma idonta ba kamar da ba, don haka ta buɗe ƙofarsa hasken tagarsa ya taimaka mata.

Umma ta iya shafa kirim, duk dangi sun shaida. Amma yau sai ta kwaso shi da wuƙa ta lafta a kan kek yana tururi. Ya narke ya gangara faranti. Ta ƙara wani, ta tara tudu a gefe guda, ta bar tsagar nan baki buɗe, tana 'yar waƙarta kamar aiki na kyau.

Daga kan gado aka yi gyaran murya. Aka sake yi.

"Wa ya ce miki ana shafe a kan ɗanyen gini?" in ji shi. "Bari ya huce mana."

Ta ce ai 'ya'yansu ne za su ci, ba masu duba gini ba. Ya yi tsaki ya juya wa tebur baya, amma ta ga kunnensa na wajen. Da kek ya huce ta koma kansa, ta fara daga tsakiya, ta ja wuƙar a karkace da gangan. Nan haƙurinsa ya ƙare. Ya lallaɓo da sandarsa, ya zauna a kujera, ya karɓe wuƙar yana mita cewa ko yaron da ya fara aiki jiya ya san sai an cike tsaga kafin a bi sama.

Ya cike tsagar. Ya bi gefe, tana juya masa farantin a hankali. Hannun yana rawa, wuƙar tana rawa, kirim yana kwanciya da 'yan layuka kamar ruwan da iska ta taɓa. Ya sake bi, layukan suka sake fitowa. Umma ta ga muƙamuƙinsa ya ɗaure, tausayinsa ya kama ta har ta ji tsoron ko ta yi ganganci.

Ana cikin haka aka yi sallama. Babban ɗansu da matarsa da Auta suka shigo, kafin maigidan ya lalubo sandarsa sun riga sun iso kansa. Ya yi maza ya tura hannun ƙarƙashin tebur. Auta, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta leƙa kek ta ce kai, Umma ta koyo sabon ado, da me ta yi waɗannan layukan masu kyau?

Umma ta buɗe baki za ta ɗauki abin a kanta, ya riga ta.

"Ba ado ba ne, Auta." Ya zaro hannun ya ɗora a kan tebur, yana karkarwa a gaban kowa. "Hannun babanki ne ke rawa."

Auta ta durƙusa ta riƙe hannun da nata biyu.

"To sake ni, ki kawo faranti," ya ce mata. "Ki haɗo da nawa. A nan zan ci."